Kurakuran ɗalibai kan yadda ƙwayoyin gina ƙashi ke daidaita girmansu

Duk lokacin da jarrabawa ta ƙarato, ɗaliban likitanci da nake yi wa bita a Samaru kusan wuri ɗaya suke tuntuɓe.

Wasu tun daga suna suke ɓata, su haɗa ƙwayoyin ƙashi biyu, ostiyobilas da ostiyokilas. Na farko magini ne, shi ke shimfiɗa sabon ƙashi. Na biyu marushi ne, asid yake zubawa ya narkar da tsohon. Ka riƙe wannan, mu wuce.

Wanda ya fi damuna shi ne a rubuta cewa ƙwayar halitta tana tura ruwa waje da famfo. Ba ta yi. Gishiri take sarrafawa, ruwa kuma ya bi shi. Ka yanka albasa ka barbaɗa mata gishiri, za ka ga ta kawo ruwa. Idan ƙwayar ta sami kanta cikin ruwa mai ƙarancin gishiri sai ta kumbura, kamar waken da aka jiƙa. Nan take sai ta buɗe ƙofofinta, fotasiyam da kulorayid su fita tare da wani sinadari mai suna taurin (taurine), ruwa ya bi su, ta saɓe. Idan kuma gishirin waje ya yi yawa har ta motse, sai NKCC1, wani furotin mai jigilar gishiri a bangon ƙwayar, ya shigo da sodiyam 1, fotasiyam 1 da kulorayid 2 a tafiya ɗaya, ruwa ya dawo. Da yawa kan juya waɗannan biyun. Kafin ka ɗora biro, tambayi kanka: kumbura ta yi ko motsewa?

Sai famfon sodiyam da fotasiyam, wanda Jens Skou ya gano a 1957. Sodiyam 3 yake fitarwa, ya shigo da fotasiyam 2, yana amfani da ATP ɗaya, wato makamashin ƙwayar. Ana yawan ba shi aikin da ba nasa ba. Shi tanadin bambancin gishirin ciki da waje yake yi dare da rana, gyaran gaggawa kuwa da wannan tanadin sauran ƙofofin ke yin sa.

Abin da kusan kowa ke mantawa, kuma nan makin yake: lokacin da kalsiyam da fosfet ke daskarewa su zama ƙashi, asid ne ke fitowa. In ya taru, ginin ya tsaya. Maginin ne ke kwashe shi, ya fitar ta NHE1, wani furotin a bangonsa mai musayar haidurojin 1 (wato asid ɗin) da sodiyam 1. Wannan NHE1 ɗin kuma yana cikin masu dawo wa ƙwayar da girmanta idan ta motse, don haka ka ambace shi a wuraren biyu.