Yadda ake haɗa kundin ƙarshen wasa da manhajar darar ces

Duk wanda ya taɓa zama da masu buga darar ces a unguwar Nima ko Mamobi da ke Akra ya san cewa gardama ta fi zafi idan 'ya'ya sun ragu a kan allo, wani ya ce ci ne, wani ya rantse canjaras ne. Wannan gardama tana da alƙali, wato kundin ƙarshen wasa, inda kwamfuta ta riga ta lissafa hukuncin kowane yanayi. Ana gina shi ne daga ƙarshe zuwa farko: a fara da inda aka kama sarki, a riƙa komawa baya taki ɗaya-ɗaya. Ken Thompson na Bell Labs a Amurka yana cikin waɗanda suka share wannan hanya, amma wanda aka fi amfani da shi yau shi ne Syzygy, na Ronald de Man, da ya fito a 2013.

Matakin farko shi ne ka auna ƙarfin na'urarka da na datarka. Kundin 'ya'ya biyar, har da sarakuna biyu a cikin lissafi, bai kai gigabait 1 ba. Na 'ya'ya shida ya kusa gigabait 150. Na bakwai kuwa, wanda aka kammala a 2018, ya haura terabait 16. A ganina mai karatu a Akra ya tsaya a kan biyar, domin sauke na shida zai cinye data, kuma ɗaukewar wuta na iya katse aikin a tsakiya.

Fayilolin iri biyu ne. Masu ƙarewa da rtbw suna faɗin ci ne, faɗuwa ce ko canjaras, masu ƙarewa da rtbz kuma suna ƙidaya takun da ya rage kafin a ci ɗa ko a tura soja. Ka zuba su a babban fayil ɗaya, ka buɗe saitin Stockfish, wato manhajar da ke buga darar ces, ka rubuta adireshin wurin a gurbin SyzygyPath. Wanda waya kaɗai gare shi ya shiga allon nazari na Lichess, shafin darar ces a intanet, inda kundin 'ya'ya bakwai yake a buɗe kyauta.

Sai ka gwada da wannan: farin sarki a gidan e5 na allo, sojansa a e4, baƙin sarki a e7. Idan takun baƙi ne, dole ya kauce, farin sarki ya kutsa layi na shida, soja ya isa ya zama sarauniya. Idan kuwa takun fari ne, canjaras za a tashi, alhali babu ɗan da ya sauya gida.

Abin da ke rikita sabon shiga shi ne Syzygy ba ya neman hanya mafi gajarta ta kama sarki, dokar taki hamsin yake kiyayewa, wadda ta ba ɗan wasa damar neman canjaras idan kowane ɓangare ya yi taki 50 ba a ci ɗa ba, ba a kuma motsa soja ba. Saboda haka za ka iya ganin manhaja ta ba da sarauniya a banza don ta koma wani yanayi mai sauƙi da ta tabbatar ci ne, kuma wannan ba matsala ba ce a saitinka. Haka kuma kundin ba ya lissafa yanayin da sarki yake da sauran damar yin musayar wuri da hasumiya, don haka ka cire wannan dama a allon nazari kafin ka nemi hukunci.