Yadda Za Ka Bi Sawun Tarihin Kamfanin Gwamnati Mai Binciken Ƙarƙashin Ƙasa

In kana son rubuta tarihin kamfanonin nan na gwamnati da ke auna ƙarƙashin ƙasa don neman mai da iskar gas, kada ka fara da ɗan littafin da suke bugawa ranar bikin cika shekara. Hotunan shugabanni da yabon kai kawai za ka tarar. Ni sunan kamfanin nake fara bi, domin yawancinsu ba da sunan yau aka raɗa musu ba.

Ɗauki ENAGEO na Aljeriya. A takarda, 1981 aka kafa shi, lokacin da aka rarraba Sonatrach, kamfanin mai na gwamnatin ƙasar, gida-gida. Amma aikin ya girmi takardar: tun 1966 akwai ALGEO, haɗin gwiwar Sonatrach da wani kamfanin Amurka. Wanda ya soma ƙirga daga 1981 ya zubar da shekara 15, har da 1971, shekarar da Aljeriya ta karɓe ragamar manta daga hannun kamfanonin Faransa. Haka BGP na ƙasar Sin, mai hedikwata a Zhuozhou ta lardin Hebei. Tushensa na komawa 1961, shekara biyu bayan gano mai a Daqing, ya kuma koma ƙarƙashin CNPC, kamfanin mai na gwamnatin Sin, da aka kafa a 1988 a madadin ma'aikatar man fetur. Saboda haka ka jera duk sunayen da shekarunsu tukuna, sannan ka nemi dokar da ta kawo kowane sauyi a jaridar gwamnati. Da tsohon suna ake samun tsofaffin takardu.

Bayan suna sai kayan aiki, kuma a nan nake son ka daɗe. Aikin shi ne a tura girgiza cikin ƙasa, ta bugi duwatsu ta dawo, na'urorin sauraro da aka kakkafa a jere su ɗauki amsar. Da farko nakiya ake binnewa a rami a tayar. Daga baya manyan motocin girgiza ƙasa suka shigo, fasahar da kamfanin Conoco ya ƙirƙiro a shekarun 1950. Awon kansa ya tashi daga layi guda, wato 2D, zuwa 3D mai rufe fili gaba ɗaya. Tambayi kanka: wace shekara kamfanin ya sayi motocinsa na farko? Yaushe ya daina naɗa a takarda ya koma kaset da kwamfuta? Yaushe ya fara sarrafa bayanansa a gida, ya daina aikawa waje? Wannan tambaya ta ƙarshe ta fi sauran nauyi a ganina, don ita ce ke nuna ko ƙasar ta mallaki ilimin ko motoci kawai ta saya.

In an ba ka damar ganin tsofaffin bayanai, duba rubutun da ke farkon fayil. Tsarin SEG-Y na ajiye bayanan awo a kwamfuta, wanda aka fitar a 1975, yana da wurin rubuta sunan layi, yanki da wanda ya yi aikin. Ba kowa ke cika shi da kyau ba, amma inda aka cika, shaida ce mai ƙarfi.

Sai ka ɗora duka a kan farashin mai. Faɗuwar 1986 da ta 2014 sun taɓa masu awo kafin kowa, tunda kuɗin bincike ake fara yankewa. Duba ko a irin waɗannan shekaru ne aka rage ma'aikata, aka haɗe rassa, ko aka fita neman kwangila a ƙetare.

Kada ka bar tsofaffin ma'aikata: masu safiyo, masu haƙa ramin nakiya, direbobi. Tafi musu da taswirar layukan awon, ka bar su su nuna da yatsa inda suka yada zango da abin da ya hana layi wucewa. Shekaru kan rikice musu, don haka duk shekarar da suka faɗa ka gwada ta da rahoton ƙarshen aiki na tawagarsu.