Kurakuran da aka fi yi wajen haɗa wayar fitilar hazo a mota

Da hunturu ya kama, hazo da ƙura suka rufe hanya, za ka ga masu motoci suna tururuwar sayen fitilar hazo, wadda masu riwaya ke kira fog layit. Ɗaura ta a bamba ba wani aiki ba ne. Inda ake kuskure wajen jan waya ne, kuma kusan duk kuskuren tushensa ɗaya: ba a lissafa yawan wutar da fitilar ke ci, sai a ɗora ta kan wayar da ba a yi ta don ɗaukar wannan nauyi ba.

Mu fara da lissafin. Ƙwan halojin irin H3 ko H11 wat 55 ne kowanne. Guda biyu sun zama wat 110. Raba wannan da bolt 12 na batir, za ka samu amfiya 9 da ɗoriya. Wayar fakin layit kuwa, wato ƙananan fitilun gefe, an yi ta ne don 'yan ƙananan ƙwayaye masu wat 5 ko makamancin haka. To mutum ya feɗe wannan siririyar waya ya jona fitilu biyu a kanta, me yake jira? In ya yi sa'a fiyus ya ƙone. In bai yi sa'a ba, wayar ta yi ta ɗumi a cikin damin wayoyi har robarta ta narke ta manne da maƙwabtanta, ko makunnin da ke jikin sitiyari ya ƙone daga ciki. Mafi muni shi ne wanda fiyus na amfiya 10 ya ƙone masa, sai ya cire ya sa na 30, ko ya naɗa zaren waya a gurbinsa. Wannan bai gyara komai ba, ya dai sallami mai gadi ne.

Maganin shi ne rile. Aikinsa kamar ɗan aike ne: makunni ya ba da umarni da 'yar wuta kaɗan, kimanin kashi ɗaya cikin biyar na amfiya, shi kuma rile ya buɗe wa babbar wuta hanya daga batir kai tsaye zuwa fitila. Nemi mai ƙafa huɗu na amfiya 30 ko 40. In ka juya gindinsa za ka ga lambobi. Ƙafa ta 30 ita ke karɓar wuta daga kan batir mai alamar tarawa, ta cikin fiyus. Ƙafa ta 87 ita ke kai wuta ga fitilun biyu. Ta 86 tana karɓar umarni daga makunni, ta 85 kuma tana zuwa at, wato jikin ƙarfen mota. In mai ƙafa biyar ka samu, ka kula da ta tsakiya mai lamba 87a: tana da wuta ne lokacin da rile yake a kashe. Wanda ya jona fitila a nan zai ga abin al'ajabi, fitila na ci in ya kashe makunni, tana mutuwa in ya kunna. A bar wannan ƙafa ta 87a haka nan, a rufe ta. Akwai kuma rile mai ɗan diyod a ciki, wato abin da ke barin wuta ta bi ta gefe ɗaya kawai, za ka ga zanensa a jiki. Shi ba a juya masa 85 da 86, in aka juya su, diyod ɗin ya ƙone nan take.

Sai wurin zaman fiyus, wanda mutane da yawa ke ɗauka ko'ina ya zauna daidai ne. Fiyus waya yake karewa, ba fitila ba. Duk tsawon wayar da ke tsakanin batir da fiyus ba ta da kariya, in ta goge ta taɓa ƙarfe babu abin da zai yanke wutar, kuma batirin mota na iya tura ɗaruruwan amfiya cikin ƙiftawar ido. Don haka a sa shi kusa da kan batir, kada ya wuce kamar santimita 20 zuwa 30. Ga ƙwayaye biyu masu wat 55, fiyus na amfiya 15 ya isa, shi ne shuɗi a cikin masu ƙafa biyun nan. In LED ne masu cin amfiya biyu ko uku gaba ɗaya, na 5 ko 7.5 ya wadatar.

Kaurin waya ma haka. Daga batir zuwa rile zuwa fitila a yi amfani da mai milimita murabba'i 2.5, mafi ƙaranci 1.5. Ta makunni 0.75 ta isa, tunda ba ta ɗaukar nauyi. A yi hattara da wayar kasuwa mai kaurin roba da 'yan silin ƙarfe a ciki, da kuma alminiyam da aka shafa wa ruwan jan ƙarfe. Kankare sili ɗaya da wuƙa, in cikinsa fari ne, mayar musu da abinsu. Wayar gida mai sili ɗaya kuwa ba ta mota ba ce sam, girgiza za ta karya ta.

Daga ina makunni zai samu wutarsa? In ka ɗauko daga batir kai tsaye, fitila za ta ci ko babu makulli, kuma rana ɗaya za ka manta da ita a kunne, amfiya 9 kuwa ba ta buƙatar dogon dare kafin ta kwantar da batir. A nan ne wayar fakin layit ke da amfani: ɗauko umarnin daga gare ta, ya bi ta makunni zuwa 86. Nauyin rile kaɗai za ta ɗauka, kuma da ka kashe fitilun mota, na hazo ma sun mutu. Wasu kan ɗauko daga wayar babbar fitila, amma a motoci da dama, musamman tsofaffin Toyota, makunnin babbar fitila ɓangaren at yake yankewa. Sai ka auna ka ga wuta a wayar da kake zaton a mace take, ka jona, abu ya yi ta aiki a baibai. Mitar auna wuta za ta nuna maka gaskiya, kada ka dogara da launin waya. Kuma duk wayar da ka gani da rigar rawaya ko soket rawaya a ƙarƙashin sitiyari, ta jakar iskar da ke kare mutum in an yi haɗari ce, kada ka soka mata tasta, wato abin gwada wuta.

In fitilar kamfani ce kake sawa a motar da ta zo babu ita, leƙa bayan bamba da akwatin fiyus kafin ka sayi ko mita ɗaya ta waya. Sau da yawa kamfani ya riga ya ja wayar, soket na nan a naɗe da salatif, gurbin rile da na fiyus suna nan babu kowa. Abin da ya rage shi ne fitilun, da rile, da fiyus, da hannun makunni mai zoben fitilar hazo. Sai dai ganin soket ba ya nufin da waya a bayansa, wani gurbin babu ko ƙarfe a ciki. A sababbin motoci kuma ƙwaƙwalwar mota ce ke ba fitilu wuta, wasu sai an shiga da kwamfuta an sanar da ita cewa yanzu akwai fitilar hazo. Irin waɗannan ba a yanka musu waya da ka. In ba ka da na'urar, ja naka layin daban daga batir, ka ɗauki umarni daga akwatin fiyus.

At mara kyau shi ne ke sa ido ɗaya ya fi ɗaya haske, ko fitila ta riƙa ƙyaftawa a kan gargada. Bamba ta yau roba ce, ƙarfen da ke riƙe fitila ma sau da yawa a kan roba yake. Nemi noti a jikin ƙarfen mota, ka kankare fenti da tsatsa har ƙarfe ya yi ƙyalli, ka sa kan waya mai zobe, ka ɗaure tam, ka shafa ɗan giris. Don tabbatarwa, kunna fitila ka auna tsakanin wurin at ɗin da kan batir mai alamar ɗebewa. In ya haura bolt 0.2, sake aikin.

Murɗa waya biyu a naɗe da baƙin salatif ba haɗi ba ne a ƙasan bamba, inda ruwan damina da zafin inji ke haɗuwa. A matse da kan waya da filayar matsewa, ko a yi dalma, sannan a rufe da robar da ke tsukewa in ta ji zafi. Wayar da za ta shiga cikin mota ta bi ta robar da ke bangon inji, kada ta bi ramin ƙarfe tsirara ko bakin ƙofa. A nisanta ta daga salansa, da fankar lagireto, da bel, a ɗaure ta kowane taƙi ɗaya ko biyu. Shi rile a kafe shi ƙafafu na kallon ƙasa don kada ruwa ya kwanta a ciki. Kafin duk wannan, cire kan batir na ɗebewa, fiyus kuma shi ne abu na ƙarshe da za ka sa.

Ƙwan halojin ba a taɓa gilashinsa da yatsa, maiƙon hannu na sa ya mutu da wuri. LED kuma in ya ƙi ci, juya wayoyinsa biyu kafin ka ce ya lalace.

Saura saiti, wanda kusan kowa ke tsallakewa. Amfanin fitilar hazo shi ne ta zauna ƙasa, haskenta ya bi ƙarƙashin hazon ya nuna maka kwalta da gefen titi. In ta kalli sama, ƙurar za ta maido maka da hasken cikin ido kamar ful layit, ga kashe wa na gaba ido. Tsayar da mota a shimfiɗaɗɗen wuri, mita bakwai da rabi daga bango. Auna tsayin tsakiyar fitila daga ƙasa, ka yi alama a bango daidai wannan tsayi, sannan ka juya notin saiti har saman hasken ya sauka kamar santimita 10 ƙasa da alamar, kowane ido daban, kana rufe ɗayan da kwali.