Yadda Ake Daidaita Manifol ɗin Salansa Idan An Sauya wa Mota Inji

Manifol ɗin salansa shi ne ƙarfen da ke ɗaure a jikin kan inji, wato abin da makanikai ke kira top, kuma aikinsa shi ne karɓar hayaƙi daga kowace silinda ya tattara shi cikin bututu guda. Yawancin masu zuwa kasuwar Dilimi da ke Jos neman inji ɗan Beljiyam hankalinsu kan tsaya ne a kan lafiyar injin da giyabos da kujerun da zai zauna a kai, ba a tuna da manifol sai an sauke inji a gareji a Farin Gada an ga baki bai hau baki ba. Abin da ya kamata a riƙe tun daga farko shi ne manifol kan inji yake bi, bututun da ke ƙarƙashin mota kuwa jikin mota yake bi, don haka kowane ɓangare da ma'auninsa.

Matakin farko shi ne karanta lambar da aka buga a jikin injin har ƙarshenta, domin sunan mota kaɗai ba ya wadatarwa. Honda Accord ta 2003 zuwa 2007 da ta 2008 zuwa 2012 masu silinda huɗu da suka zo daga Amurka dukkansu injin K24 mai lita 2.4 suke ɗauke da shi, kuma mai sayarwa zai iya rantsuwa cewa abu ɗaya ne. Sai dai kan injin ta farkon ƙofofin hayaƙi huɗu gare shi, alhali a ta biyun an haɗe hanyoyin hayaƙin tun a cikin kan injin, ƙofa ɗaya tak ta fito waje, tukunyar tace hayaƙi kuma a bakinta ake ɗaure ta. Babu dabarar waldar da za ta sa manifol ɗin waccan ya zauna a kan wannan. Saboda haka, in da hali, a sayi inji tare da manifol ɗinsa da sensocinsa masu auna hayaƙi a ciniki guda, ko da kuɗin ya ɗan ƙaru.

Idan kuwa dole ne a nemi manifol daban, to gaskit, wato shimfiɗar da ake sawa tsakanin kan inji da manifol don hana yoyo, shi ne alƙali. A ɗauki sabon gaskit na injin da aka sayo, a ɗora shi a kan fuskar manifol ɗin da ake son saye, a duba ko ramukan kusoshi sun faɗa daidai, sannan a leƙa kowace ƙofa a ga ko gefen ƙarfe ya shigo cikin ramin gaskit. Ƙofar manifol ta ɗan fi ta kan inji faɗi ba laifi ba ne, amma idan ta fi ta ƙanƙanta, hayaƙi zai riƙa dukan wannan gefen yana komawa baya. Daga nan a kwantar da ƙarfe miƙaƙƙe a kan fuskar a ɗaga ta wajen haske, idan haske yana ratsowa ta ƙarƙashi to zafi ya lanƙwasa ta, sai an kai ta an goge. Na taɓa tsayawa a kan wani aiki inda aka faɗaɗa ramuka biyu da injin huda don kusoshi su shiga, an kuma yi murna cewa ya zauna. Kafin wata ya zagayo, baƙin toka ya zana layi a gefen silinda ta huɗu, gaskit ya ƙone.

Mataki na gaba shi ne duba ɓangaren da hayaƙi ke fita. Tsohuwar Corolla mai injin 4A-FE ko 7A-FE manifol ɗinta a gaba yake, wajen lagireto, bututu ya sauka ya ratsa ƙarƙashin inji ya yi baya. Injin 1ZZ-FE mai lita 1.8 da ya gaje su kuwa ta baya yake fitar da hayaƙi, wajen bangon da ya raba inji da ɗakin direba, inda bututan birki da wayoyi da sandar sitiyari suke cunkushe. Duk wanda zai yi irin wannan sauyi ya san cewa sai an ƙera sabon bututun gaba. Haka nan injin da aka ciro daga motar Japan ko Ingila, inda sitiyari yake hannun dama, yakan zo da bututun da ya karkata zuwa wurin da sandar sitiyarinmu take. A rataya manifol da noti biyu kawai, a zura hannu a zagaya shi, a tabbatar akwai tazarar yatsu biyu aƙalla tsakaninsa da roba ko waya ko bututun mai. Ƙarfen nan yana haura digiri 600 idan mota ta ɗauko kaya tana hawan Kibo, don haka farantin kare zafi da wasu ke jefarwa a kwandon gareji dole ne a mayar da shi.

Maganar sensa tana buƙatar natsuwa. Ramin da ake ɗaura ta kusan iri ɗaya ne a yawancin motoci, mai faɗin milimita 18, shi ya sa kowace sensa take shiga, a ɗauka an dace. Amma Camry ta 1997 zuwa 2001 mai injin 5S-FE iri biyu ta zo daga Amurka: wadda aka ƙera don dokar jihar Kalifoniya tana da tukunyar tacewa a jikin manifol da sensa ta daban, ɗayar kuma ba haka take ba. Sensa kwamfutar injin take bi, wato birenbos, kuma ta farko dole ta zauna kafin tukunyar tacewa, ta biyu bayanta. Tukunyar nan, da ake yi wa laƙabi da indomi, a leƙa cikinta da tocila kafin a biya kuɗi, domin sau da yawa an riga an kwashe abin da ke ciki, kuma fitilar gargaɗi ba za ta daina kamawa ba.

Masu sha'awar manifol na bututu huɗu su sani cewa wanda ke haɗa silinda ta 1 da ta 4, da ta 2 da ta 3, kafin su zama ɗaya, shi ya fi dacewa da tuƙin cikin gari. A dai auna saukarsa, kada ya zarce kaskon baƙin mai, saboda duwatsun hanyoyin unguwanninmu.

Wajen ɗaurawa, a sa sabon gaskit, a fara ɗaure notin tsakiya ana fitowa gefe da gefe, zagaye biyu ko uku. Mai walda a kira shi ne bayan manifol ya gama zama, ya lanƙwasa bututun ƙasa ya zo ya same shi, tare da guntu mai lanƙwasuwa a tsakani don ya shanye girgizar inji, in ba haka ba manifol zai tsage. Gwaji mafi kyau da sanyin safiya ake yin sa, abin da Jos ba ta rasawa: a tayar da inji a saurara, idan ana jin ƙas-ƙas da ke raguwa yayin da ƙarfe ya ɗumama, to akwai yoyo. Yoyon da ke gaban sensa yana sa mota shan mai, kuma hayaƙinsa na iya shiga ɗaki ya bugar da mutane ba tare da sun ankara ba. Bayan mako guda ana hawa, a bar inji ya huce sarai, a sake bin notocin da sifana.