Yadda mai jiki za ta yi sayayyar sutura a Kano

Kafin ki tari adaidaita sahu zuwa kasuwa, 'yar'uwa, ki sayi tef ɗin awo irin na teloli, ki rufe ɗaki ki auna jikinki yadda yake a yau. Ba yadda yake kafin haihuwar fari ba, ba kuma yadda kike fatan ya koma bayan azumi ba. Ki sa rigar maman da kika saba fita da ita, ki tsaya sak, kada ki shanye ciki. Ki auna ƙirji inda ya fi cika, sai ciki, sai ƙugu inda ya fi faɗi, sai damtse, sai kafaɗa, sai tsawo daga kafaɗa zuwa idon sawu. Damtsen nan shi aka fi mantawa, kuma shi ya fi hana mu sa rigar da muka kashe wa kuɗi. Ki rubuta lambobin a waya, tef ɗin kuma ya zauna a jakarki. Ni mai jiki ce tun ina budurwa, a Kano na tashi, kuma ban ga abin da ya rage mini asara kamar tef ɗin nan ba.

Mu a nan muna da gata guda: yawancin suturarmu ɗinkawa ake yi. Yadi muke saya, saboda haka babbar tambayar ita ce yadi nawa. A Kantin Kwari, can Fagge, turmin atamfa yadi 6 ne, leshi kuma galibi yadi 5 ake yankawa. Zo mu yi lissafi tare. Yadi ɗaya inci 36 ne. Zanin da aka saba cirewa yadi 2 ne, wato inci 72. In ƙugunki inci 52 ne, abin da zai saura na ninki inci 20 kacal. Kina taku yana buɗewa, in kin zauna a gidan biki hannunki ɗaya na kan gwiwa kina riƙon bakin zani har a tashi. Yadi 2 da rabi, inci 90 ke nan, shi zai ba ki natsuwa. To ki cire wannan daga turmi, ki cire yadi ɗaya na ɗankwali, abin da ya rage wa riga yadi 2 da rabi ne. Zai yi gajeriyar riga mai sauƙin hannu, amma ba zai yi mai tattara da manyan hannuwa ba. Daga nan rigima da tela take farawa, alhali tun a kasuwa aka yi kuskuren.

Mafita ba ta da wuya. Ki ce wa mai shago, "Alhaji, akwai yadi 12 da ba a raba ba?" Atamfa da yawa haka take zuwa, turmi biyu a haɗe. Ki saya ke da ƙanwarki ko 'yarki, ke ki ɗauki 7, ita 5. In kuɗin bai kai ba, ki nemi yadi marar zane da ya shiga da ɗaya daga launukan atamfar, a yi hannu ko ƙasan riga da shi. Ki kai shi bakin shago ki haɗa su a hasken rana, don fitilar ciki tana canza launi. In anko ne, tun ranar da aka fitar ki gaya wa mai rabawa kina son ƙari. Ba abin kunya ba ne, kuɗinki za ki biya, kuma in kin bari mako ya zagayo za ki iya tarar an kwashe zanen.

Sai ingancin yadin. Daga Maris zuwa Mayu zafin Kano yakan haura digiri 40, mu kuwa da jikinmu yake da ninki mun fi kowa sanin abin da atamfar roba ke yi wa fata: gumi, ƙaiƙayi, ƙuraje a ƙasan ƙirji da hammata. Ki damƙi gefen atamfar a hannu ki saki. Auduga takan yamutse, ba ta da santsi mai sheƙi. Ki juya bayanta. Mai kyau launinta ya ratsa fuska biyu kusan daidai. Ba sai kin sayi 'yar Holan ba, akwai masu matsakaicin kuɗi da suke auduga. Araha dai ba ta ado, kuma gara kala biyu da za ki wuni a ciki da kala biyar da za ki riƙa ɗokin cirewa. Auduga takan ɗan tsuke a wankin fari, don haka ni nakan jiƙa ta in shanya a inuwa kafin in kai ɗinki.

Abaya tana da tarko. Lambar nan da ke wuyanta, 54, 56, 58, 60, tsawo take nunawa da inci, ba faɗi ba. Mai shago zai dube ki ya ce, "Hajiya, 60 ce taki," ki je gida ki tarar tana sharar ƙasa, ƙirji kuma a matse. Ki zaɓi lambar da ta dace da tsawonki, sannan ki shimfiɗa rigar a kan tebur, ki auna daga hammata zuwa hammata, ki ninka biyu. In bai ɗara awon ƙirjinki da inci 4 zuwa 6 ba, ki ajiye. Ki auna hannun ma a wajen damtse. Haka za ki yi wa kowace ɗinkakkiyar riga, domin XL na kayan Sin ya fi na Ingila ƙanƙanta, kuma lamba 18 ta Ingila ita ce 14 ta Amurka. Masu sayarwa a Instagram da WhatsApp kuwa, in sun ce wai kowa zai shiga, ki roƙi hoton rigar da tef a kanta. Wadda ta san kayanta za ta turo nan take.

Kada ki raina gwanjo. A Ƙofar Wambai akan samu manyan riguna na auduga, siket da rigunan sanyi da ba za ki gani a kanti ba. Ki saba da mutum ɗaya, ki karɓi lambarsa, ya kira ki ranar da zai fasa dila, ki je da safe. Ki duba hammata da zif da tsakanin cinya in wando ne, nan suke fara mutuwa. Rigar mama dai sabuwa za ki saya, kuma a Sabon Gari na fi samun manya. Ki nemi mai faffaɗan hannu da maƙalai uku ko huɗu a baya. In bayanta yana hawa sama, ta yi miki yawa a zagaye. In ƙirji yana tumbatsa ta sama, mazaunin ne ya yi kaɗan. Ki haɗa da gajeren wando mai laushi da ya kai gwiwa, saboda gogar cinya.

Tela shi ne rabin aikin. Kada ki fara gwada sabon tela da leshinki mai tsada. Ki ba shi atamfa mai sauƙin kuɗi tukuna. In kin fi sakewa da mace ta auna ki, ki nemi mace, suna nan a kowace unguwa. Ki faɗi abin da kike so da bakinki: a bar rarar inci ɗaya a kowane gefe ta ciki don a iya buɗewa, a yi shafi da auduga, zif ya zama dogo, kada ramin hannu ya sauko har ya riƙe ki in kin ɗaga hannu. Ranar karɓa kada ki tsaya gaban madubi kawai. Ki zauna a kujera, ki ɗaga hannuwa, ki sunkuya kamar za ki yi ruku'u. Rigar da ba za ki iya salla a cikinta ba, ba a gama ɗinka ta ba. Telan da ya ce "ai jikinki ne" maimakon ya gyara, ki biya shi ki canza wani.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne shawarar da ake ba mu tun muna yara: baƙi, ruwan toka, ƙananan zane, bubu har abada. Ina son bubu, kuma ba abin da ya kai ta daɗi da rana, amma ki sa ta don kina so, ba don ki ɓuya ba. Ni ruwan goro da kore shar nake sawa, da manyan zane. Dabarar tana wajen yanka: ki shimfiɗa atamfar gaban tela, ki nuna masa inda kike son babban furen ya faɗo, kada ya zauna a tsakiyar ciki ko a raba shi biyu a kan ɗinkin baya. Rigar da ta zauna daidai a kafaɗa sannan ta sauka a sake ta fi wadda aka ƙara wa faɗi ta ko'ina kyau, kuma ta fi suturtawa. Mayafi mai ɗan nauyi yakan kwanta, marar nauyi kuwa yakan manne da jiki.

Kayan Salla ki saya kafin azumi ya kama, ki kai ɗinki a makon farko. In aka shiga goman ƙarshe Kwari ba ta da masakar tsinke, teloli kuma kwana suke a kan keke, babu mai lokacin buɗe miki hammata. Ki shiga kasuwa da hantsi, da takalmi marar tsini, kuma in Juma'a ce ki gama kafin a tafi masallaci.