Yadda Za Ka Sayar da Riɗinka Ba a Ci da Guminka Ba

Ina noman riɗi a wajen Gumel. Riɗin da nake kaɗewa kan bi ta Maigatari ko Dawanau, ya shiga kwantena a Legas, ya sauka a Japan, Sin ko Turkiyya. A can ake matse mansa ko a yi alewa da shi, kuma a can ribar gaske take. Mai fitar da kaya dala ake biyansa, ni naira ake miƙo mini. In ka tambaye ni ko ana cin guminmu, ana ci. Haka aka yi wa kakana da gyaɗa: hukumar sayen amfanin gona ke yanka farashi ƙasa da na kasuwar duniya, har aka rushe irin waɗannan hukumomi a 1986. Ba ni da iko da Japan, amma akwai ƙofofin da kuɗi ke zurarewa tun daga gida, su nake toshewa.

Babbar ƙofa ita ce ba-da-kaka. Wata shekara da damina ta tsananta, na karɓi kuɗin taki a hannun wani ɗan sari, a kan zan biya da riɗi. Ranar da ya zo da motarsa ina tsaye ina kallo aka ɗora buhunan da na yi wata uku ina wa hidima, a farashin da muka yanka tun riɗin bai yi fure ba. Ban iya cin tuwon dare ba. Gara ka sayar da akuya, ko ka shiga adashi tun da rani, da ka jinginar da abin da bai nuna ba.

Sai tsabta. Ka yanke riɗi kafin kwanson ya fara tsagewa, ka jingine dammunan a tsaye su bushe, ka kaɗe a kan tamfol. Kada ya taɓa ƙasa. A sheƙe, a rairaye, a sake sheƙewa. Dillali na zura hannu cikin buhu ya ji tsakuwa biyu, ya samu hujjar rage maka kilo, alhali injinsu zai tace shi cikin ɗan lokaci. Masu zuba yashi don buhu ya yi nauyi kuwa, kasuwarmu duka suke kashewa.

Kada ka kusanto da fiya-fiya. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda ragowar irin wannan magani, Japan ma tana gwada riɗi kafin ta karɓa. In aka dawo da kwantena, manomi ake rage wa kuɗi baɗi. Riɗin da ya bushe sarai, a buhu mai tsabta, bisa katako, nesa da bango, zai kai ka bazara lafiya.

Ka daina sayarwa da tiya mai tozo. Ƙasar waje da kilo take saye, kai ma ka sayar da kilo. Mu takwas muka haɗa kuɗi muka sayi sikeli, kowa na auna kayansa a gida, ya rubuta a jikin buhu kafin ya fita.

Kafin ranar Alhamis ta kasuwar Maigatari, nakan buga wa mutum biyu da ba su san juna ba a Dawanau, in ji nawa kilo yake. Sannan ba na kai kayana duka da kaka, lokacin da kowa ke neman kuɗi. Ina sayar da abin da zai biya buƙata, in ajiye saura. Wani lokaci farashi kan faɗi bayan ajiya, shi ya sa nake fitarwa kashi-kashi. In muka haɗa buhunanmu suka cika mota, mai saye ne ke zuwa har ƙofar gida, la'adar dillali ɗaya ta fita daga lissafi.