Kurakuran da sababbin ma'aikatan agaji ke maimaitawa a lokacin ambaliyar damina

Duk shekara daga Yuni zuwa Satumba ruwan damina yana sauka a Kudancin Asiya kamar da bakin ƙwarya, kuma duk shekara sai na ga sababbin hannu sun shigo aikin agaji da kyakkyawar niyya, suna faɗawa ramin da muka faɗa. Na gaji da yi wa mutum ɗai-ɗai gyara.

Kuskuren da har yau yake ci mini rai shi ne karɓar jerin sunaye daga hannun mai ƙarfi. A 2022 ina cikin waɗanda suka yi aiki a lardin Sindh na Pakistan, shekarar da ambaliya ta shafi mutum miliyan 33, ta kashe sama da 1,700. Mun isa wani ƙauye a gundumar Dadu cikin kwale-kwale, a gajiye tilis. Mai gonakin yankin, wanda suke kira wadera, ya tarbe mu da takarda a shirye, sunaye a jere. Na ji daɗi an rage mana aiki, na sa hannu, muka sauke buhunan gari da tantuna muka juya. Bayan kwana tara muka dawo, muka tarar manoman da ke noma masa ƙasa a raba amfani, waɗanda ake kira hari, suna zube a bakin titi, sun kafa gadajen igiya sun yafa zannuwa don samun inuwa. Ko cokali ɗaya bai kai gare su ba. Wata dattijuwa ta riƙe hannun tafintanmu tana nuna jikokinta, ba ta ce uffan ba. Sa hannuna ne a kan takardar nan.

Tun daga ranar ba na karɓar suna daga baki ɗaya. Da sassafe nake zagayawa da ƙafa, abokiyar aikinmu ta zauna da mata su kaɗai, sannan a karanta sunaye da ƙarfi a bainar jama'a kafin a buɗe buhu ko ɗaya. Wasu abokan aiki na cewa ina ɓata kwana guda. Na yarda a ɓata. Ina kuma riƙe da littafi dabam na waɗanda ruwa ya tafi da katin shaidarsu, domin Rupi 25,000 da gwamnati ta raba ta shirin tallafi na Benazir da katin ake karɓa.

Sai ruwan sha, kuma a nan ba zan sassauta muku ba. Kun ga ruwa ya shafe gari, sai ku ɗauka abinci ne kaɗai matsala? Wannan ruwan ya bi ta masai, ya bi ta kan mushen dabbobi, ya cika rijiyoyi. Ƙa'idar Sphere, wato ma'aunin da ƙungiyoyin agaji na duniya ke bi, ta ce kowane mutum ya samu aƙalla lita 15 a rana, masai ɗaya kuma ga mutum 20. Amma na ga sabon ma'aikaci ya miƙa wa uwa ƙwayar kulorin a leda ya wuce, bai ce mata komai ba. Idan ruwan ya gurɓace da laka, sai an bar shi ya kwanta an tace, a saka ƙwayar, a jira minti 30. Ka tsaya ka yi a gabanta, ka sha a gabanta. Madarar gari ga jarirai kuwa, don Allah ku daina. Da wane ruwa za a dama ta? A ciyar da uwa ta shayar. A aljihuna kullum akwai ƙunshin gishiri da sukari na gudawa.

Kada ku manta ruwan da ya kwanta sauro yake haifarwa. Masu zazzaɓin cizon sauro a Pakistan sun tashi daga kusan 500,000 a 2021 zuwa miliyan 2.6 a 2022. Gidan sauro ya tafi tare da tanti, a mota ɗaya.

Tsofaffin tufafi: ku bar su a gida, wuri suke cinyewa a mota. Jefa kaya daga saman mota: mai ƙarfi ne ke cafewa, ga wulaƙanci. Hoton mutum yana kuka: tambaye shi tukuna. Abincin dabbobi ma ana mantawa, alhali ɓaunar da ta tsira ita ce jarin gidan gaba ɗaya.

Inda kasuwa ke ci, ni kuɗi nake so a ba mutane, kuma da wuri. A Yulin 2020 a Bangladesh an tura wa dubban gidaje Taka 4,500 ta waya kafin kogin Jamuna ya kai maƙura, bisa hasashen ruwa kawai, suka kwashe dabbobinsu da abincinsu.

Kuma kada ku naɗe tabarma da zarar 'yan jarida sun tafi. A Sindh ruwa ya yi watanni a gonaki, ga shukar alkama tana zuwa a Nuwamba. Ni tun makon farko nake ware kuɗin iri a kasafi, na hana a taɓa shi.